Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali: Hafsan da Ya Buɗe Hanyar Baga, Ya Kwanta Dama a Malam Fatori

Da daren Juma'a, 4 ga Nuwamban 2016, mayaƙan Boko Haram suka auka wa sansanin Bataliya ta 119 ta sojojin Najeriya da ke Malam Fatori, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Abadam, can ƙuryar arewacin Jihar Borno. Kakakin rundunar sojin ƙasa na wancan lokaci, Kanar Sani Kukasheka Usman, ya fitar da sanarwa cewa an fatattaki maharan, an kashe 14 daga cikinsu, amma an rasa hafsa guda da wasu sojoji. Hafsan nan shi ne Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali, kwamandan Bataliyar Tankoki ta 272, wanda yaransa ke kira Sarkin Yaƙi. Shekararsa 36. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya uku.

Yaƙin ya ci hafsoshi kafin shi, ya ci wasu bayansa, har da waɗanda suka fi shi muƙami. Amma ba a yi kukan kowa kamar nasa ba. Mutanen da ba su taɓa taka Borno ba suka riƙa sa hotonsa a shafukansu na Facebook, siririn mutum cikin kaki, fuskarsa kamar ta malamin makaranta. Dalili kuwa a fili yake: sunansa ya haɗu da 'yan makonnin nan na farkon 2015 da aka juya akalar yaƙin, lokacin da mutane suka fara cire rai da Maiduguri kanta. Abin da ya dame ni a labarinsa, wanda kuma ya sa nake son a bi shi daki-daki, shi ne yadda rundunar ƙasa sukutum ta jingina da mutum ɗaya da 'yan tankokinsa har haka, da yadda aka yi wannan jingina ta kai shi garin da ba kowa a cikinsa sai soja.

Ɗan barikin soja

An haife shi ranar 15 ga Agustan 1980. Mahaifinsa, Birgediya Janar Abu Ali mai ritaya, ya yi gwamnan mulkin soja na Jihar Bauchi a farkon shekarun 1990, zamanin Janar Babangida, daga baya ya hau gadon sarautar Etsu na Bassa-Nge a Jihar Kogi. Yaron ya yi sakandaren sojoji ta Command da ke Jos, ya gama a 1997, ya shiga makarantar horas da hafsoshi ta NDA a Kaduna a 1998 cikin 'yan Kwas na 50. A watan Satumbar 2003 aka ƙaddamar da shi hafsa a sashen tankoki da motocin sulke. Ya je aikin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya a Laberiya, ya je na Darfur a Sudan.

Ɗan tsohon gwamna, ɗan sarki, ɗan janar. Duk wanda ya san yadda al'amura ke tafiya a ƙasar nan ya san mai irin wannan gata ba ya rasa wanda zai yi masa magana a bar shi a ofis a Abuja, ko a tura shi wani kwas a waje har ƙura ta lafa. A 2014 aka tura shi arewa maso gabas yana Manjo, ya tafi, kuma can ya zauna har ƙarshen ransa.

Abin da ya tarar

Shekarar 2014 ita ce mafi muni ga sojan Najeriya tun bayan yaƙin basasa. A watan Afrilu aka sace 'yan matan Chibok. A watan Mayu sojoji a barikin Maimalari da ke Maiduguri suka buɗe wuta kan motar kwamandan Runduna ta 7, Manjo Janar Ahmadu Mohammed, bayan an kawo gawarwakin 'yan uwansu da aka yi wa kwanton ɓauna. Kotun soja ta yanke wa 12 hukuncin kisa a watan Satumba, ta ƙara yanke wa wasu 54 a watan Disamba bisa ƙin zuwa bakin daga. Hujjarsu ɗaya ce duka: ba a ba su makaman da za su tunkari abokan gaba ba. A watan Agusta sojoji kusan 480 suka tsallaka Kamaru, hedkwatar tsaro ta ce dabarar yaƙi ce. A wannan watan shugaban Boko Haram, Abubakar Shekau, ya fito a bidiyo ya ce ya kafa daula a Gwoza. Gamboru-Ngala ta faɗi, Dikwa ta faɗi, Bama ta faɗi a Satumba, Mubi, gari na biyu mafi girma a Adamawa, ta faɗi a ƙarshen Oktoba. Zuwa farkon 2015 ana kwatanta faɗin ƙasar da ke hannunsu da girman Beljiyam.

Ana yawan cewa sojojin sun tsorata ne. Maganar ta wuce tsoro. Makamin da Boko Haram ta fi ji da shi a lokacin shi ne buɗaɗɗiyar mota, Hilux ko Land Cruiser, da aka girka wa bindigar harbo jirgin sama a baya, wadda sojoji ke ce wa AA. Harsashinta yana cin nisan da ya ninka na AK-47 sau da yawa, yana huda bangon ƙasa, yana huda buhunan yashi. Sojan da ke cikin rami da AK-47 da ƙunshin harsasai biyu ko uku sai ya ga ana ɓarin wuta a kansa daga inda tasa bindigar ba ta kaiwa. Tankokin da rundunar ke da su, Vickers na Ingila da T-55 na tsohuwar Tarayyar Sobiyet, tsofaffin ajiya ne; da yawa sun daina tashi, wasu kuma sun faɗa hannun 'yan ƙungiyar har suna nuna su a bidiyo. Kuɗin da aka ware don sayen makamai kuwa, daga baya ne aka gurfanar da tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, Kanar Sambo Dasuki, bisa zargin karkatar da dala biliyan 2.1, zargin da ya musanta.

Sai ranar 3 ga Janairun 2015 aka kai wa Baga hari. Garin yana bakin Tafkin Chadi a Ƙaramar Hukumar Kukawa, kusan kilomita 200 daga Maiduguri, kuma a nan hedkwatar dakarun haɗin gwiwa na ƙasashen tafkin take. Sansanin ya faɗi, aka shafe kwanaki ana kashe mutane a Baga da Doron Baga da ƙauyukan kewaye. Gwamnati ta ce mutum 150 ne suka mutu. Wasu rahotanni daga waɗanda suka tsira suka kai adadin har 2,000. Hotunan tauraron ɗan Adam da ƙungiyar Amnesty ta fitar sun nuna gine-gine sama da 3,700 da aka ƙona ko aka lalata a garuruwan biyu. Baga ba baƙon suna ba ne a ƙasar Hausa. Bandar da ake ci a Kano da Zariya da Jos daga can ake lodin mafi yawanta, kuma masunta da fataken kifi daga Haɗeja, Kabi, Sakkwato da Katsina sun yi shekaru da dama suna zaune a Doron Baga. Gidaje da yawa a yammacin arewa sun yi zaman makoki a wannan wata. Ya kamata kuma a tuna cewa mutanen Baga sun sha wuya a hannu biyu: a Afrilun 2013, bayan wani artabu, an zargi sojoji da ƙona unguwanni a garin, kuma ƙungiyar agaji ta Red Cross ta ce mutum 187 suka rasu.

Ranar 25 ga Janairu Monguno ta faɗi da barikinta, a ranar da aka kai wa Maiduguri kanta farmaki. Ranar 7 ga Fabrairu hukumar zaɓe ƙarƙashin Farfesa Attahiru Jega ta ɗage zaɓen shugaban ƙasa daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris, saboda hafsoshin tsaro sun ce suna buƙatar mako shida. Mutane da yawa sun ɗauka yaudara ce kawai ta siyasa.

Tankar da mai ita

A daidai wannan lokaci ne tankokin T-72 da aka sayo daga gabashin Turai suka fara isowa. Ba sababbi ba ne, ƙirar shekarun 1970 ce, amma a fagen Borno sun sauya lissafi. Nauyin kowace ya haura tan 40, bakin igwarta milimita 125, harsashin AA kuwa ba ya yi wa sulkenta komai. Motar da jiya take tsayawa daga nesa tana yi wa soja ruwan wuta, yau ita ce abin harbi tun kafin ta matso.

Sai dai tanka ba ta yaƙi da kanta. Mutum uku ne ke cikin T-72: direba a gaba can ƙasa, mai harbi a hagun hasumiya, kwamanda a dama. Babu mai ɗura harsashi, inji ne ke ɗaukowa daga wani faifai da ke ƙarƙashin ƙafafunsu, wato a kan tulin albarushi suke zaune. Wurin ƙunci ne ƙwarai, dogon mutum sai ya tanƙware. A bazarar Borno, inda zafi ke wuce digiri 40 a inuwa, ƙarfen yakan yi zafin da ba a iya dafa shi da tafin hannu, ga ƙarar inji, ga hayaƙin igwa, ga ƙurar da ke shiga ido da maƙogwaro. In aka rufe murfi, kwamanda ba ya ganin duniya sai ta 'yan ƙananan tagogin gilashi, ba ya ganin wanda ya raɓo ta gefe da roka a kafaɗa, ba ya ganin inda aka tona ƙasa aka binne nakiya. Shi ya sa kwamandan da ke son ya ga fili da kyau yake fito da kansa da ƙirjinsa waje, kuma a nan ne maharbi ke jiransa.

Abin da sojojin da suka yi aiki da Abu Ali suka yi ta faɗa bayan rasuwarsa kusan iri ɗaya ne. Ba ya tura yara gaba ya tsaya a baya da rediyo. Tankarsa ce ke kan gaba, sojojin ƙasa su biyo sawunta. Wani daga cikinsu ya shaida wa 'yan jarida cewa kafin a tunkari Baga ya ce musu su kwantar da hankalinsu, kashi biyar cikin ɗari na aikin ne nasu, sauran shi zai yi da tankoki. Ga sojan da ya shafe shekara yana ganin an tura shi mutuwa hannu rabbana, wannan magana ba ƙarama ba ce. Tsoron da ya karya rundunar a 2014 tsoron yasarwa ne, kowa na jin cewa in wuta ta yi wuta Oga zai shiga mota ya bar shi. Wanda ya ga Oga a gabansa, a cikin abin da duk bindigogin abokan gaba suka auna, ƙafarsa ba ta yarda ta juya.

Ranar 16 ga Fabrairun 2015 aka karɓe Monguno. Ranar 21 ga wata aka shiga Baga, bayan an ratsa nakiyoyin da aka shuka a hanya. Kwana biyar bayan haka Shugaba Goodluck Jonathan ya sauka a garin cikin kakin soja. Bama ta dawo a tsakiyar Maris, Gwoza ranar 27 ga Maris, ana gobe zaɓe. Adalci ne a ce ba shi kaɗai ya yi wannan aiki ba. Sojojin Chadi sun shigo ta Gamboru da Dikwa, na Chadi da Nijar sun shigo ta Damasak, jiragen yaƙi sun yi nasu, akwai kuma sojojin haya daga Afirka ta Kudu da suka horas da wata runduna ta musamman, ga 'yan kato-da-gora da mafarauta da suka san daji. Amma a ɓangaren sojan Najeriya, a hanyar Monguno zuwa Baga, sunan da ke bakin kowa nasa ne.

Bayan sauyin gwamnati, Shugaba Muhammadu Buhari ya mayar da cibiyar ba da umarnin yaƙin Maiduguri, ya naɗa Tukur Yusuf Buratai, ɗan Borno, Babban Hafsan Sojin Ƙasa a watan Yuli, aka sauya wa aikin suna zuwa Lafiya Dole. Gamboru-Ngala, ƙofar kasuwancin da ke bi ta gadar Fotokol zuwa Kuseri da Injamena, ta sake komawa hannun Boko Haram bayan sojojin Chadi sun janye. A farkon Satumbar 2015 sojan Najeriya ya karɓe ta, ana tsakiyar damina, a ƙasar baƙar laka da ke riƙe ƙafar mota kamar danƙo. A can, a fagen daga, Buratai ya je ya ƙara wa Abu Ali girma kafin lokacinsa ya yi: aka ɗora tauraro kusa da mikiyar da ke kafaɗarsa, ya tashi daga Manjo ya zama Laftanar Kanar, ya tsallake sa'o'insa na Kwas na 50.

Ya cancanta, ba ko tantama. Amma ƙarin girman bai zo da hutu ba. Dokin da ya fi gudu shi ake ta ɗaura wa sirdi. Duk inda aka ji wuta ta yi tsanani, ko wani gari ya gagara, sai a ce a kira 272. Daga bakin tafki zuwa gefen Sambisa, daga can a sake komowa arewa.

Yaƙin ya sauya fuska

A watan Disambar 2015 Buhari ya ce a zahiri an ci ƙarfin Boko Haram, tunda ba ta iya riƙe manyan garuruwa. Akwai gaskiya a ciki. Abin da maganar ta ɓoye shi ne cewa karɓe gari aiki ne na kwana ɗaya ko mako ɗaya, riƙe shi kuwa aiki ne na kowane dare. Tun a Maris na 2015 Shugaba Idriss Deby na Chadi ya yi ƙorafi a fili cewa sojojinsa suna ƙwato garuruwan Najeriya amma ba sa ganin sojan Najeriyar da zai karɓa. Garin da aka ƙwato a watan Maris sai a ji ya koma a watan Yuli. Haka aka yi da Dikwa, haka aka yi da Gamboru, haka aka yi da Damasak da Malam Fatori.

Ita ma ƙungiyar ta rabu. Shekau ya yi mubaya'a ga ƙungiyar IS a Maris na 2015, amma a Agustan 2016 IS ta sanar da Abu Mus'ab al-Barnawi a matsayin shugaba. Shi da Mamman Nur, wani jigo a ƙungiyar, sun zargi Shekau da kashe Musulmi fararen hula ba gaira ba dalili. Suka tattara a tsibiran Tafkin Chadi da gaɓar kogin Komadugu Yobe, suka rage taɓa talakawa don su samu haraji da labari daga masunta da makiyaya, suka mayar da hankali kan sansanonin soja, inda makamai da man fetur da motoci suke. Tun ranar 3 ga Yunin 2016 an ga alamar haka a Bosso, a jihar Diffa ta Nijar, inda suka mamaye barikin garin suka kashe sojoji fiye da 20, mutane kusan 50,000 suka tsere. Wannan ne ya sa dakarun haɗin gwiwa suka ƙaddamar da farmakin da suka kira Gama Aiki, wanda a cikinsa aka sake shiga Malam Fatori a watan Satumba.

Wanda ya dubi taswira zai gane irin wurin da aka ajiye waɗannan sojoji. Malam Fatori tana kan iyaka, 'yan kilomitoci kaɗan daga Bosso, kogi ne kawai a tsakani. Gabas da ita tafki ne da tsibiransa da dazuzzukan ƙaya da ciyayin da suka tsiro inda ruwa ya janye, maɓoyar da tanka ba ta shiga. Hanyar da ta haɗa ta da Baga da wadda ta haɗa ta da Damasak duk rairayi ne da nakiyoyi, har ya zama sau da yawa ta cikin Nijar ake zagayowa a isa garin. Mutanensa sun gudu tun Nuwamban 2014, galibi zuwa Bosso da Diffa. Ba kasuwa, ba mai unguwa, ba manomin tattasai ko masuncin da zai zo da magariba ya raɗa wa soja cewa ya ga baƙin babura a wuri kaza. Sansanin da ba shi da jama'a a kewayensa makaho ne, abokan gaba suna ganinsa, shi ba ya ganinsu.

A tsakiyar Oktoba, mako uku kafin rasuwar Abu Ali, aka mamaye sansanin Gashigar da ke yamma da Malam Fatori a bakin kogin. Sojoji da dama suka faɗa ruwa suna neman tsallakawa Nijar, wasu suka nutse, aka yi makonni ana neman waɗanda suka ɓata. Duk wanda ke hedkwata ya san layin nan na Komadugu yana rawa, ya kuma san inda hari na gaba zai iya faɗawa.

Da dare suka zo. Dare kuwa shi ne lokacin da fifikon tanka ke raguwa: nisan da igwa ke ci ba ya amfani in ba a ga abin harbi ba, maharan kuma suna iya rarrafowa har bakin ramuka kafin a farga. Abu Ali ya yi abin da ya saba, ya shiga tsakiyar faɗan. Sansanin bai faɗi ba. Shi da sojoji shida ne ba su ga wayewar gari ba. Allah ya jiƙansu da rahama.

Ranar Litinin, 7 ga Nuwamba, aka binne su a Makabartar Sojoji ta Ƙasa da ke Abuja, akwatuna bakwai lulluɓe da tutar Najeriya, Musulmi da Kirista, 'yan arewa da 'yan kudu. Buratai ya kasa riƙe hawaye yana karanta jawabinsa. Dattijon uban, janar kuma sarki, yana raye ya rasa ɗansa. Sauran shidan ma kowannensu yana da gidan da aka yi wannan kuka, ko da yake kyamarori ba su bi su can ba.

Abin da ya biyo baya

A ƙarshen Disambar 2016 sojoji suka shiga sansanin Zairo a tsakiyar dajin Sambisa, Buhari ya yi shelar nasara. A Maris na 2017 rundunar ta gudanar da gasar harbi a dajin, aka sa wa filin harbin sunan Abu Ali. Karramawa ce mai kyau, kuma ba na raina ta.

Sai dai tambayar da mutuwarsa ta tayar ba a amsa ta da sa suna ba. Kwamandan bataliya yana da ɗaruruwan mutane a ƙarƙashinsa; aikinsa na asali shi ne ya ga filin gaba ɗaya, ya rarraba ƙarfi, ya nemi agaji. In har sai ya shiga tankar gaba da kansa kafin layi ya tsaya, to akwai giɓi a ƙasa da shi: ƙarancin ƙwararrun matuƙa tanka, ƙarancin ƙananan hafsoshin da sojoji suka yarda da su, ƙarancin na'urar gani da dare da jirgin da zai kawo ɗauki cikin duhu. Jarumtarsa ta toshe wannan giɓi har aka daina ganinsa. Hafsan da ya koyi yaƙin Borno da jikinsa irin haka, kamata ya yi bayan Gamboru a ɗauke shi zuwa makarantar sojojin sulke da ke Bauchi ya horas da wasu hamsin, ya huta, ya ga 'ya'yansa, sannan ya koma in da buƙata. An bar shi a bakin wuta daga 2014 har ƙarshen 2016, ilmin da ya tara kuma ya tafi tare da shi a dare ɗaya.

Batun daɗewa a daji ba shi kaɗai ya shafa ba. A Agustan 2018 sojoji suka yi ta harbi sama a filin jirgin saman Maiduguri suna ƙin a kai su Marte, suna cewa sun yi shekaru a fagen daga ba a canza su ba. Kafin 2016 ta ƙare ma an sake rasa wasu kwamandojin bataliya masu muƙaminsa a Borno. Ranar 18 ga Nuwamban 2018 aka mamaye Bataliya ta 157 a Metele, ba nisa da Malam Fatori, aka kashe kwamandanta Laftanar Kanar Ibrahim Sakaba. Rundunar ta ce sojoji 23 ta rasa, wasu majiyoyi suka ce sun haura 100. A Satumbar 2020 Kanar Dahiru Bako ya rasu bayan kwanton ɓauna kusa da Damboa. A Nuwamban 2021 aka kashe Birgediya Janar Dzarma Zirkusu yana kan hanyar kai ɗauki Askira Uba. Labarin kusan ɗaya ne kowane karo: sansani a keɓe, hari ba zato, babban hafsa ya taso da kansa don ya ceci yaransa.

A 2019 rundunar ta amince a aikace cewa ƙananan sansanonin ba sa riƙuwa, ta tattara sojoji a manyan sansanoni masu ganuwa. Asarar soja ta ragu a wasu wurare, amma ƙauyuka da hanyoyi suka zama na wanda ya ga dama da zarar rana ta faɗi.

Ita kuwa Baga, a ƙarshen Disambar 2018 mayaƙan ɓangaren al-Barnawi suka sake mamaye ta, har da sansanin dakarun haɗin gwiwa da na sojan ruwa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce mutum sama da 30,000 suka kwarara Maiduguri cikin 'yan makonni, da yawansu karo na biyu ke nan suna wannan gudu. Soja ya koma garin a Janairun 2019. Sai a Satumbar 2020 gwamnatin Borno ƙarƙashin Gwamna Babagana Zulum ta fara mayar da mutanen Baga gida da rakiyar sojoji, kuma a cikin wannan makon aka yi wa ayarin jami'an jihar kwanton ɓauna tsakanin Monguno da Baga, aka kashe 'yan sanda da sojoji da 'yan kato-da-gora da ke yi musu rakiya.